Yadda Na Wanke Kwabon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na je unguwar Erdington a Birmingham neman aure ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, surukata ba za ta bar ni ba. Duk sanda muka kai ziyara akwai abin da take ajiye mini a kicin don tuni. Za mu zo wurin.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a Salford, fannin injiniyan ruwa, ina zaune a wani flat na haya a unguwar Moss Side ta Manchester tare da abokina Sagir, ɗan Gusau, mutumin da tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa bai san abu ba. Ina kuma neman wata yarinya, Amira. A Birmingham aka haife ta, aiki ne ya kawo ta Manchester, kuma idan tana Hausa sai ka ji kamar ta hanci maganar take biyowa. Ina son ta har cikin raina, wannan ban taɓa ɓoyewa ba. Sai dai ina da wata cuta, cutar gyara. Ta gaida babba a tsaye, in gyara mata. Ta ɗaura ɗankwali, in ce ya karkace. Ta tuƙa tuwo, in ci in yi nak, in suɗe hannu, sannan in ce akwai ɗan gudaji. (A ganina a lokacin taimakonta nake yi, har ina jiran godiya.) Ta sha gaya mini in bar ta ta sarara, ni kuwa na ɗauka shagwaɓa ce irin ta 'yan nan ƙasar.

Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baba Dakta, tsohon likita ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin magana wanda ba ya son hayaniya. Bayan iyalinsa, babu abin da yake ƙauna irin tsofaffin kuɗi na zamanin Turawa: anini, kwabo, taro, sisi, sule. Kuma ba a gwangwani yake tara su ba yadda kakata take tara maɓallai. Akwai kamfanonin da ake aika wa tsohon kuɗi, su duba shi da madubi, su ba shi maki kamar ɗan makaranta, sannan su rufe shi ruf a wani ɗan gida na roba mai tauri, garai-garai kamar gilashi, da 'yar takarda a sama mai ɗauke da makin. Masu harkar suna ce masa slab. Ba shi da murfi, ba shi da makulli, an liƙe shi ne don kada a ƙara buɗewa. Duk wannan bayanin daga baya na same shi, bayan aikin gama ya gama.

Abin da ya haɗa ni da kuɗin Baba shi ne ranar al'ada da ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shirya a wani ɗakin taro a Manchester. Ina cikin masu shirye-shirye, kuma ina neman hanyar da zan nuna wa tsohon cewa ni mutum ne mai daraja tarihi. Sai na lallaɓa Amira ta roƙar mini aron kaɗan daga ciki. Ban zaci zai bayar ba, sai ga shi ya aiko da guda uku a wani ɗan akwati mai shimfiɗar ƙyalle mai laushi: sule, taro, da wani kwabo na jan ƙarfe mai huji a tsakiya, da tauraro a bayansa da ɗan rubutun Larabci a gaba. Da za ta miƙo mini sai da ta riƙe akwatin ta kalle ni.

"Daddy ya ce kallo kawai. Please, kada ka yi musu komai. Komai fa."

Na ce haba, ai injiniya take magana da shi.

Ranar Asabar aka yi taron. Don jama'a su san sunan kowanne, na rubuta a takarda na manna da salatif a kan fuskar robar, ba tare da na yi shawara da kowa ba. Teburina kuma aka ajiye shi daf da teburin tsire da ƙosai. To kun san mutanenmu, ba ma kallo da ido. Kowa ya ciko hannunsa da mai da yaji sai ya biyo ta wurina, ya ɗauki kwabon nan ya ɗaga sama, ya juya shi, ya ba da labarin abin da kwabo yake saya a zamanin kakansa. Sule da taro babu wanda ya kula su sosai, hujin nan ne ya ja hankalin jama'a. Kafin a tashi gidan kwabon ya koma kamar murfin tukunyar miya.

Kashegari Lahadi kuma ita ce ranar da aka sa za mu je Birmingham gaisuwar iyaye. Tunda ba ni da kowa a ƙasar, wani dattijo na masallacinmu, Malam Inuwa, ya yarda ya tsaya mini a matsayin kawu, kuma shi zai zo da mota da hantsi ya ɗauke ni. A wannan zaman ne Baba zai ce ya ba ni ko bai ba ni ba, kuma a wannan zaman zan mayar masa da amanarsa.

A nan ya kamata in kare kaina kaɗan. A gidanmu a Zariya, idan maƙwabta suka aiko da abinci, Innarmu ba ta yarda kwanon ya koma yadda ya zo. Sai an wanke shi, an dirje, ya fi yadda ya shigo ƙyalli, sannan ta sa ɗan yatsa ta shafa cikinsa, in ta ji santsin mai a sake. A wurinta mayar da kayan aro da datti tona asirin tarbiyyar gida ne. Da wannan na tashi. To yaya za a yi in shiga gidan surukai a ranar farko da abin aro yana ƙamshin tsire? Kuna iya cewa me ya hana in buga wa Amira waya in tambaya. Girman kai ne. Mutumin da ya shekara yana gyara wa yarinya ɗankwali ba ya kiran ta da sassafe ya ce ta koya masa goge roba.

Bayan na karya kumallo na zauna a kicin na fara. Sule da taro na ɗan shafe su da gefen riga suka yi daidai. Kwabon ne aiki. Na ɓare salatif, takardar ta fita, danƙon ya tsaya. Na sa sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi, mai da yaji suka tafi, danƙon yana nan yana kallona. Da a nan na tsaya da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma sai na juya soson wanke-wanke, na kama ɓangaren nan kore mai kaushi, na ɗan dirza. Danƙon ya ragu. Da na ɗaga robar wajen taga sai na ga ta yi zane-zane kamar kaji sun yi tono a kai.

Daidai nan Sagir ya fito daga ɗaki yana miƙa. Ya karɓa ya duba, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, man goge baki yake so, da shi ake gyara gilashin agogo, kowa ya sani. Muka matsa, muka murza da tsohon buroshi. Zanen bai tafi ba, sai dai yanzu ya samu hazo a kai, ga kuma ƙamshin na'ana'a. Sagir bai karaya ba. Ya ce a fesa turare, don akwai sinadari a ciki mai narkar da komai. Muka fesa nawa mai tsada wanda na tanada don zuwa Erdington. Robar ta ƙara dusashewa, amma gaskiya ƙamshi ya gyaru.

Sagir ya dafa kafaɗata ya ce saura magani ɗaya wanda ba ya ƙarya, ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi. Na hau sama na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Jamaica. Ta kalli faratana, ta kalli fuskata, ta miƙo kwalbar. (Har na bar gidan nan kallon da take mini bai koma daidai ba.)

Na jiƙa auduga na ɗora. Nan take robar ta yi fari fat kamar an zuba mata nono, ta yi laushi, audugar ta manne. Cikin ruɗewa na sa babban yatsana na danna don in goge, da na ɗaga sai ga hoton yatsana ya zauna a jiki raɗau, kamar na dangwala a takardar zaɓe. Kwabon kuwa ko inuwarsa ba a gani. Na waiga neman Sagir, ashe ya tuna yana da aiki a laburare.

Na zauna ni kaɗai na yi tunani irin na masu ilimi. Na ce wai shin mene ne abin daraja a nan, robar ko kwabon? Ai robar kamar ledar da ake naɗo sabuwar waya ce, ba ita ake so ba. Na ɗauko filaya da sukudireba. Abin bai buɗu da arziki ba, sai da na haɗa da gwiwa, ya yi ƙara ya tsage, kwabon ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin firji. Na kwanta rubda ciki na zaƙulo shi da muciya.

Da na riƙe shi a hannu sai tausayin Baba ya kama ni. Kwabon ya yi duhu, ruwan ƙasa mai duhu, har da baƙi-baƙi a gefen hujin. Na ce Allah sarki tsoho, kamfani ya cuce shi, sun rufe masa abu da dattinsa ko wankewa ba su yi ba. Na tuna yadda kakata take fito da tasoshinta na tagulla kafin Sallah, lemon tsami da toka. Lemo akwai a firji. Toka a Moss Side ba abu ne mai sauƙi ba, amma na kwaso ta kaskon turaren wuta. Na haɗa, na murza, inda ya gagara na taimaka da soson ƙarfe. Jama'a, kwabon nan ya fito. Ya yi ja yana walƙiya kamar yau aka buga shi, har ina hango hancina a jiki. Na naɗe shi a sabon farin hankici. Ɓaraguzan robar kuma na tattara a leda, don Inna ta ce ko murfin kwano ne ya fashe a mayar wa mai shi da abinsa. Raina fes, tsoron da nake ji duk ya koma alfahari.

A hanya Malam Inuwa ya yi ta ja mini kunne: in zauna a ƙasa, in sunkuyar da kai, kada in yi magana sai an tambaye ni. Na ce masa kada ya damu, akwai wani abin mamaki da na shirya wa tsohon. Ya kalle ni ta gefen ido ya ce shi a harkar neman aure ba ya son mamaki.

Mun tarar da Baba a falo da ƙanensa, Alhaji Tukur, wanda a al'ada shi ne mai bayarwa. Hajiya, mahaifiyar Amira, ta kawo shayi da dambun nama ta koma kicin, amma ta bar ƙofar a buɗe yadda komai zai riƙa isa. Aka gaisa, aka yi addu'a, hira ta yi daɗi. Baba har ya saki jiki yana gaya wa Malam Inuwa cewa da yawa daga kwabban da muka kashe a gida a nan Birmingham aka buga su, aka loda a jirgin ruwa aka kai mana, shi kuma ya biyo sawunsu ya zo ya tare. Sannan ya juyo wurina da murmushi.

"Injiniya, ina amanata?"

Na matsa a kan gwiwa na miƙa akwatin da hannu biyu. Ya ɗauki sule ya karkata shi wajen haske, ya hura masa numfashi, ya shafa da wani ƙyalle irin na goge tabarau. Ya yi wa taro haka. Sai ya leƙa akwatin ya ce saura ɗaya. Na sa hannu a aljihu na fito da hankicin, na ɗora a tafin hannuna, na buɗe shi a hankali kusurwa bayan kusurwa, don kowa ya samu damar gani.

"Baba, na ga ya yi datti ne, shi ne na ɗan gyara shi."

Baba ya sa tabarau, ya duba, ya cire tabarau, ya sake sawa. Ya ɗauki kwabon ta gefe da yatsu biyu ya kai hanci.

"Lemon tsami?"

"Da toka, Baba."

"Da soson ƙarfe," ya ƙarasa mini. "Gidansa fa?"

Na miƙa ledar. Ya zazzage ɓaraguzan a kan tebur kusa da dambun nama, ya zaɓi babban ya ɗaga wajen taga, ga hoton yatsana ya fito sarai. Ya tambaya ko wannan sa hannun mai aikin ne. Alhaji Tukur ya cusa fuska a cikin babbar riga, kafaɗunsa suna rawa. Ni har lokacin ina ɗan murmushi, ina jiran a zo wurin yabo.

Muryar Amira ce daga bakin kicin ta farkar da ni. "Oh my days. Daddy, wanne ne? Ba na Kaka ba dai?"

Baba bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce a duk abin da ya tara, wannan kwabon ne ya samu maki mafi ƙasƙanci, masu dubawar ma sun yi mamakin abin da ya sa ya aika shi. Ranar da zai tafi makarantar kwana mahaifiyarsa ta kwance shi daga bakin zanenta ta ba shi, shi kuma bai taɓa iya kashewa ba. Ya juya shi a hannu, yana ƙyalli kamar ɗan kunnen amarya.

"Duhun nan da ka kankare," ya ce, "shi na sa aka rufe."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma na ji tausayin tsohon har idona ya kawo ruwa. Mai hankali a nan zai ba da haƙuri ya yi shiru. Ni na ba da haƙurin, amma sai na ji bakina yana ƙarawa da cewa idan Baba ya ba ni dama zan iya mayar da shi duhu, akwai man takalmi ruwan ƙasa a gida. Malam Inuwa ya mintsine ni a cinya, mintsinin da sai da ya yi kwanaki yana mini zogi.

"Don girman Allah," in ji Baba, "kada ka ƙara taimaka mini."

Daga nan, wataƙila don ya huce, ya ɗauki gidan sulen ya shiga koya mini abin da ya kamata in tambaya tun farko. Ya ce numfashi da ƙyalle mai laushi sun ishe shi. In mai ya taɓa, a ɗan jiƙa ƙyallen da ruwan sabulu kaɗan a shafa, ba a tsoma shi a ruwa. In ya yi zane akwai man da ake goge robar fitilar mota da shi, a ɗiga kaɗan a bi a hankali. In kuma ya lalace gaba ɗaya, a mayar wa kamfanin su sake masa sabon gida, kuɗin da ke ciki ba a taɓa shi ko kaɗan. Ya ce da na kawo masa shi da mansa da yajinsa, kafin shayin nan ya huce ya gama.

Malam Inuwa ya gyara murya ya ce ko za mu koma ne, a sake sa wata rana idan rai ya yi sanyi. Na san ma'anar wannan, na fara hango kaina a Moss Side ni da Sagir har tsufa. Amma Baba ya ce mu zauna. Ya kira Amira, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ɗankwalinta a karkace, ya tambaye ta ko har yanzu tana nan a kan bakanta.

Ta kalle ni ta ce, "Daddy, he means well, niyyarsa mai kyau ce. Matsalar ke nan."

Baba ya ce wa Alhaji Tukur ya yi haƙuri, yau shi zai yi magana da bakinsa. Ya kamo hannuna ya ɗora kwabon a ciki ya rufe.

"Riƙe, naka ne, ni yanzu ban gane shi ba. Amira kuma na ba ka. Amma ka saurare ni. Hausarta haka take, ɗankwalinta haka yake, tuwonta ma haka muke cin sa da gudajinsa, kuma ba mu ce maka muna neman mai gyara ba. Duk ranar da hannunka ya fara ƙaiƙayi, ka ciro kwabon nan ka kalla."

Sai a lokacin na gane ashe duk gyare-gyaren da nake yi a Manchester suna isowa Erdington da ɗuminsu, har da maganar gudaji. Wannan kunyar ta fi ta farko, don ta farko ko ba komai zan iya raba laifin da Sagir.

Ana cikin shafa fatiha Hajiya ta fito. Ta karɓi kwabon daga hannuna, ta juya shi, ta yaba ƙyallin da gaske, ita kaɗai a duk gidan. Ta ce tunda ta zo ƙasar nan ba ta ga hannu irin wannan ba, kuma tana da wata tukunyar dafa-duka da ta ƙone tun wani bikin suna ta gagari kowa. Abin da take ajiye mini ke nan. Har yau idan muka je, bayan gaisuwa, Baba ya ja ƙofar ɗakin kuɗinsa ya kulle, ni kuma in naɗe hannun riga in nufi kicin.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne: in an ba ka aron abu aka ce kada ka yi masa komai, to har da alheri ake nufi. Kwabon yana nan, na zura shi ta hujinsa a cikin makullaina, kuma ya fara komawa duhu a aljihu, ban taɓa shi ba. Ko a makon jiya Amira ta tuƙa tuwo, lomar farko na ci karo da gudaji. Har na buɗe baki sai na ji makullan sun motsa a aljihu. Na haɗiye, na miƙa mata kwanon na ce ta ƙaro mini.